Filin Tambayoyin Iyaye: Gyalen Uwa da Rawanin Uba a Hannun Yara

Tun da watan azumi ya wuce, yara suka ajiye gemun auduga da tsummokaran tashe, wasiƙu suke ta shigowa wannan fili a kan magana guda, wato ɗabi'ar nan ta yara ta ɗaukar kayan manya su saka, su rikiɗe su koma wani mutum dabam na ɗan lokaci. Wasu iyayen abin dariya yake ba su, wasu kuwa tsoro. Na zaɓi guda biyar na taƙaita su, kuma kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu su.

Tambaya daga wata uwa a Zariya

Assalamu alaikum, Anti. 'Yata shekararta huɗu da rabi, ba ta da aiki sai buɗe mini durowa. Za ta yafa gyalena yana jan ƙasa, ta zura ƙafa cikin takalmana masu tsini, ta goya gorar ruwa da ɗankwali, ta ce ita Hajiya ce za ta gidan suna. Wata rana kuma ita ce malamar asibiti, ƙaninta ne mara lafiya. Surukata ta ce iyayi ne, idan ban tsawata mata ba idonta zai buɗe da wuri, maigida kuma yana ganin gara a ƙara mata darasi da wannan shiririta. Shin in hana ta?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki hana ta wasan. Buɗe durowar ne ya kamata ki yi wa magani, kuma za mu zo kansa.

Kafin komai, ina so ranar da ta sake yafa gyalen ki ci gaba da aikinki kamar ba ki gan ta ba, amma ki kasa kunne. Za ki ji ta yi sallama a bakin ƙofar da babu ita, ta durƙusa ta gaida mai jego, ta ce barka da arziki, Allah ya raya, ta karɓi jaririn da hannu biyu, har ta tambayi sunan da aka raɗa masa. Waɗannan kalmomi ba ta amfani da su idan tana neman biskit a wurinki, kuma babu malamin darasin da ya koya mata su. A bakinki ta tsince su, gyalen ne ya ba ta dalilin fito da su. Za ki kuma lura cewa muddin tana cikin gyalen nan ba za ta yi tsalle-tsalle ba, ba za ta fashe da kuka don ƙaninta ya taɓa mata jaka ba, domin ta san Hajiya ba ta yin haka.

Wannan shi ne abin da Lev Vygotsky, masanin tarbiyyar yara na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya ja hankali a kai cikin wata lacca da ya gabatar a 1933, shekara guda kafin rasuwarsa. Mutane suna ɗaukar wasan kwaikwayon yara a matsayin wurin da babu doka, shi kuwa ya nuna cewa kowace shiga da yaro ya yi tana zuwa da dokokinta, kuma yaron da ba ya jin maganar kowa yana bin waɗannan dokoki da son ransa. Misalin da ya kawo ma namu ne sak, wato yaron da ya hau sanda ya ce doki ne. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san dokin kara. Ranar da yaro ya iya riƙe kara a hannu alhali a ransa doki yake gani, ya fara gane cewa wani abu yana iya tsayawa a madadin wani, kuma da wannan fahimtar ce gobe zai yarda cewa zanen da ke kan allo sauti ne, lamba biyar kuma tana nufin awaki biyar. Don haka ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa shiriritar ba ta yi nisa da darasin ba.

An gwada wannan magana a aikace. A 1948 wata mai bincike a Rasha, Zinaida Manuilenko, ta sa ƙananan yara su tsaya cik ba motsi, ta ga ba sa daɗewa, amma da aka ce musu su ne masu gadi a cikin wani wasa, sai suka jure tsayuwar fiye da da. A 2017 kuma Rachel White da Stephanie Carlson da abokan aikinsu a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da yara 180 'yan shekara huɗu da shida. An ba kowane yaro wani aiki mai gundura a kwamfuta na minti goma, aka ajiye masa wasa mai daɗi a gefe, aka ce duk lokacin da ya ga dama yana iya hutawa. Yaran da aka ba su kayan wani jarumi da suka sani a talabijin suka saka, ana tambayarsu ko jarumin yana aiki tuƙuru, su ne suka fi daɗewa a kan aikin.

Sai dai ba na so in sayar miki da abin fiye da kuɗinsa. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia da abokan aikinta sun tattara binciken shekaru masu yawa a kan wasan kwaikwayon yara, suka tarar cewa da yawa daga cikinsu ba su da ƙarfin da za a kafa hujja da su a ce wasan ne kansa yake ƙara wa yaro basira. Yana yiwuwa yaron da bakinsa ya buɗe da wuri shi ne dama yake yawan irin wannan wasa. Abin da na tsaya a kai shi ne, wasan fili ne da yarinya ke motsa harshenta, da haƙurinta, da yatsunta wajen ɗaura zani da saka maɓalli, tana kuma koyon sasantawa da ƙaninta a kan wa zai zama likita yau. Ban ga dalilin ƙwace mata wannan fili ba.

Game da maganar Mama surukarki kuwa, tsoronta ba na banza ba ne, domin yaro abin da ya gani yake kwaikwayo, kuma idan kika ga shigar ta koma ta rangwaɗa da fari irin na bidiyoyin waya, to abin dubawa shi ne me take kallo da kuma a hannun wa. Amma ki tuna mata, da murmushi, cewa ita ma ta yi 'yar tsana, ta tuƙa tuwon ƙasa, ta yi wa 'yar tsanarta aure da gara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, da ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, sai ya yi dariya. Tashe ma, wanda ake farawa idan azumi ya kai kwana goma, ai shiga ce tsantsa: yaro ya manna auduga a haɓa ya ranƙwafa da sanda a Tsoho da Gemu, wani ya rataya layu da saiwoyi a Jatau Mai Magani, manya suna dariya suna ba da sadaka.

Maganin durowa shi ne ki ware mata kwando guda nata na kanta, ki zuba tsohon ɗankwali, da gyalen da kika daina yafawa bayan kin rage masa tsawo, da tsohuwar hular babanta, da jakar da zif ɗinta ya lalace, da silifas marasa tsini. Ba sai kin sayi kayan kanti ba, domin rigar likita ta kanti likita kawai take zama, amma farin ƙyalle guda yana zama rigar likita da safe, likkafanin kyanwa da rana, lulluɓin amarya da yamma. Ki cire duwatsu da maɓallan da ke iya ɓallewa saboda ƙaninta, kada ta naɗa komai a wuya, kada leda ta shiga kwandon, kuma kada ta je kusa da murhu ko risho da gyale mai jan ƙasa. Kwalli kuma ki ɗauke shi sama. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna tozalin da ake saka masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata mu bar kwallin dutse a hannun yarinyar da ke kai yatsa baki ba.

Tambaya daga wani magidanci a Gusau

Malama, wata bakwai ke nan da muka baro ƙauyenmu bayan 'yan bindiga sun shigo mana da dare. Allah ya tsare mu, amma ɗana mai shekara shida ya ga komai. Yanzu kullum sai ya naɗa rawanina ya rufe fuska, ya saɓa kara a kafaɗa, ya sa ƙannensa su kwanta a ƙasa yana yi musu tsawa yana cewa a kawo kuɗi. Na doke shi har sau uku, sai ya koma yi a bayan ɗaki. Ina tsoron kada ya taso da zuciyar waɗannan mutane.

Amsa

Malam, Allah ya mayar muku da alheri, ya kwantar da hankalinku. Wannan wasiƙa ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye bulalar. Ɗanka ba sha'awar waɗannan mutane yake yi ba. Kai idan abin ya taso maka kana da majalisa, kana da abokai da za ka ba labari har sau ɗari, kana da kalmomin da za ka faɗe shi da su. Shi ba shi da ko ɗaya, rawanin da karan su ne bakinsa. A daren nan shi ne a kwance ba shi da ikon komai, don haka a wasa yake zaɓar ya zama wanda ke tsaye.

Duk da haka akwai bambanci tsakanin wasan da ke sauke wa yaro nauyi da wanda ya maƙale masa a wuya, kuma wadda ta fi kowa bayyana shi ita ce Lenore Terr, likitar ƙwaƙwalwar yara a Amurka. A watan Yulin 1976 wasu mutane sun sace yara 26 da direbansu daga motar makaranta a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya, suka rufe su a cikin wata babbar mota da aka binne a ƙasa, sai bayan kimanin awa 16 suka tono hanya suka fito. Terr ta bi diddigin yaran shekaru bayan haka, ta ga yadda wasunsu ke maimaita abin da ya same su cikin wasa, amma wasa ne mara daɗi, wanda ba ya canzawa, ba ya kaiwa ga mafita, kuma yaro yana gama shi a tsorace kamar yadda ya fara ko fiye.

To ka zauna daga gefe ka duba na ɗanka da wannan ma'auni. Shin labarin yana motsawa? Yau an kawo kuɗi, gobe sojoji sun zo, jibi waɗanda aka kama sun gudu, wata rana ma shi ne mai ceto? Yana dariya a tsakiya, yana iya barin wasan idan an kira shi cin abinci? Idan haka ne, yana warware abin da kansa, kuma aikinka kawai ka kasance kusa. Idan kuwa kullum kalmomin nan ne, tsayuwar nan ce, fuskarsa a murtuke, ya ƙare yana haki ko ya koma lungu ya yi shiru, to ya maƙale, yana bukatar a kama masa.

Kamawar ba ta nufin yi masa tambayoyi irin na 'yan sanda. Ka tsuguna daidai tsayinsa ka faɗi abin da ka gani da murya mai sanyi, kamar ka ce, na ga mutanen nan sun tsorata ƙwarai. Idan ya ba ka wuri a wasan ka karɓa, bayan ɗan lokaci ka tambaye shi, daga nan sai me ya faru, wa ya zo ya taimake su? Kada ka tilasta masa ƙarshe mai daɗi, ka dai buɗe masa ƙofa. Ƙannensa kuma su ma sun ga daren nan, saboda haka idan kwanciyar tana firgita su, ka cire su daga wasan, ka ba shi 'yan tsana ko gwangwanaye su tsaya a madadinsu, ka kafa doka guda cewa ba a dukan kowa da gaske. Ku daina ba da labarin harin a gabansa, ku daina kunna bidiyoyin da ake turowa a WhatsApp yana ji, kuma ku tsayar masa da lokacin barci da na makaranta, domin yaron da duniyarsa ta rushe cikin dare ɗaya yana samun natsuwa idan ya san abin da zai faru gobe da safe.

Tun da an kai wata bakwai, idan akwai firgita cikin barci, ko fitsarin kwance da ya dawo bayan ya daina, ko razana da ƙarar babur, ko ƙin rabuwa da mahaifiyarsa, ina ba ka shawarar ku ga likita, tare da addu'o'in da kuke yi masa. Ku fara da sashen yara na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau ku nemi a tura ku wurin masanin halayyar yara, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Kada sunan asibitin ya tsorata ka, ba masu taɓin hankali kaɗai ake gani a can ba. Jinyar yara ta hanyar wasa tsohuwar sana'a ce, Virginia Axline ta tsara ƙa'idojinta tun 1947, amma a irin wannan firgici abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne zama da ƙwararre wanda zai bi labarin da yaron sannu a hankali, da zane da wasa, kuma ya haɗa da iyaye a cikin zaman.

Tambaya daga wata kaka a Maraɗi

Jikana namiji ne ɗan shekara uku, amma ɗankwalin uwarsa yake ɗaurawa, ya goya filo. Matan gida sun fara yi masa waƙa suna kiransa da sunan da ba na so in rubuta. Me za mu yi?

Amsa

Inna, ina gaisuwa. Yaro ɗan shekara uku wanda ya wuni a cikin gida tsakanin mata, wa kike so ya kwaikwaya in ba wadda yake gani daga asuba zuwa dare ba? A wannan shekaru yaro ya san sunansa namiji, amma bai gama gane cewa tufafi ba sa canza mutum ba, masana irin su Lawrence Kohlberg sun nuna cewa wannan fahimta ba ta zauna daram sai wajen shekara shida zuwa bakwai. Ko a al'adarmu, a tashen Mairama da Daudu yarinya ce ke saka riga da hula ta fito a matsayin miji, kuma ba a taɓa cewa ta tashi daga mace ba. Ta fuskar addini an ɗauke alƙalami a kan yaro har ya balaga, sauran bayanin hukunci kuma na malamai ne.

Waƙar da matan gida ke yi masa ita ce abin da za ki tsayar yau ɗin nan, domin suna irin wannan yana bin yaro har makaranta, kuma ya fi ɗankwalin illa nesa ba kusa ba. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa su riƙa fita da shi masallaci da kasuwa da gona, a ba shi tsohuwar hula da 'yar jallabiya a cikin kayan wasansa. Goyon filo kuwa ki bar shi, gobe shi zai ɗauki ƙanwarsa.

Tambaya daga wata uwa a Kano

'Yata mai shekara biyar tana da sikila, muna yawan kwanciya asibiti. Da ta hango farar riga sai ihu, sai mutum uku sun danne ta kafin a saka mata ruwa. Akwai dabara?

Amsa

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. A manyan asibitocin yara na Amurka da Ingila akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, su shirya yaro da wasa kafin allura ko tiyata, kuma abin da suke yi ba ya fin ƙarfinki a gida. Ranar da take cikin ƙoshin lafiya ki ba ta farar riga ta saka, ki ba ta sabon sirinji wanda aka cire wa allura, da auduga da filasta, ita ce likita, 'yar tsana ce mara lafiya. Ki bi da ita matakan yadda suke a zahiri: a ɗaure hannu, a nemo jijiya, a goge da auduga mai sanyi, a ɗan ji zafi kamar cizon tururuwa, a manna filasta. Ki saurari abin da take gaya wa 'yar tsanar, domin a nan za ki ji ko tana ɗaukar allurar a matsayin horo ne saboda ta yi laifi, abin da yara da yawa ke zato.

Abu biyu za ki kiyaye. Kada ki ce mata babu zafi, domin da zarar ta ji zafin ta daina yarda da maganarki. Kuma ki hana kowa a gidan yi mata barazanar nan da muka saba, ta idan ba ki yi shiru ba zan kai ki a yi miki allura. A asibiti ki roƙi ma'aikatan su bar ta a zaune a cinyarki kin rungume ta maimakon a kwantar da ita, ki kuma bar ta ta zaɓi hannun da za a saka idan jijiyoyin sun ba da dama.

Tambaya daga wata uwa a Kaduna

Ni tawa matsalar akasin ta sauran ce. Ɗana shekararsa biyu da wata bakwai, bai taɓa yin irin wannan wasa ba. Murafun kwalba kawai yake jerawa a layi, idan an taɓa ɗaya ya yi ta kuka, kuma ko na kira sunansa ba ya waiwayowa. An ce mini miskilanci ne irin na babansa.

Amsa

'Yar'uwa, kin yi daidai da kika rubuto. Yawancin yara suna fara kwaikwayo mai sauƙi tsakanin wata 18 zuwa shekara biyu, kamar kara takalmi a kunne a ce waya ce, ko ba 'yar tsana ruwa da kofin da babu komai a ciki. Jera abubuwa shi kaɗai ba ciwo ba ne, amma idan ya haɗu da rashin kwaikwayo da rashin amsa suna, bai kamata a jingina shi ga halin babansa a zauna jira ba. Tun 1992 Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da wani gajeren gwaji na yara 'yan wata 18, wanda ke duba ko yaro yana wasan kwaikwayo, ko yana nuna abu da yatsa don ki gani, ko yana bin inda kika nuna da ido, domin rashin waɗannan tare yana cikin alamun farko na otizim, wanda wasu kafafen labarai ke kira galahanga.

Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, kuma matsalar kunne ma tana kawo irin wannan hoto, don haka gwajin kunne shi ne farkon abin da za ki nema a wurin likitan yara. Kafin ranar ganin likitan, ki rubuta kalmomin da yake faɗi da adadinsu, ki gwada zuba shayin ƙarya a kofi ki miƙa masa ki ga abin da zai yi, sannan ki ɗauki bidiyon minti biyu ko uku a waya lokacin da yake jera murafun da lokacin da kike kiran sunansa, ki tafi da shi, domin yaro ba ya cika nuna halinsa na gida a ɗakin likita.